Sharhi a Kan Littafin Permanent Pilgrims na C. Bawa Yamba

A wannan littafi na 1995, Yamba ya nuna yadda Hausawan ƙauyukan Jazira a Sudan, har da jikokin da aka haifa can, ke ɗaukar kansu maniyyata da ke bisa hanyar Makka. Bayanin ya gamsar ta fuskar aƙida, amma bai wadatar ba. Turawan Ingila sun buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, suna bukatar ƙwadago mai araha. Akasarin Hausawan yankin leburori suka zama, ba masu gona ba. Dokar 1948 kuma ta jingina zama ɗan ƙasa ga zuri'ar da ta zauna tun kafin 1898. Ke nan hukuma ma ta raini wannan baƙunta, domin baƙo raɓa ne, ba ya neman haƙƙin ƙasa.