Sa ido kan ma'aikatan lafiya a karkarar Maraɗi: sharhi kan littafin Une médecine inhospitalière

Littafin da za mu yi sharhi a kansa cikin wannan takarda shi ne Une médecine inhospitalière, wanda Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranci rubuta shi, kamfanin Karthala kuma ya buga shi a birnin Paris a 2003. Ana iya fassara sunan da "likitancin da ba ya karɓar baƙo". Bincike ne da aka gudanar a cibiyoyin lafiya na manyan birane biyar, wato Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Ba za mu bi shi babi-babi ba. Abu guda muke so mu auna: me littafin ya faɗa game da hukumar da ya kamata ta tsawata wa ma'aikacin lafiya idan ya yi sakaci, kuma ko abin da ya faɗa ya isa ya bayyana halin da ake ciki a karkara irin ta Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji, ko ƙauyukan Agye da Gazawa.

Da farko dai wajibi ne a yaba wa marubutan. Kafin su, galibin rahotanni kan kiwon lafiya a ƙasashenmu lissafi ne: gadaje nawa, likitoci nawa, allurai nawa. Su kuwa sun zauna a bakin ɗakin duba maras lafiya, sun ga yadda ake tarbar mutum, da yadda ake yi masa magana. Sun nuna cewa maras lafiya iri biyu ne: wanda ya zo da sanayya, da wanda ya zo shi kaɗai ba wanda ya san shi. Na farko ana gaishe shi, a yi masa bayani. Na biyu yakan yi doguwar jira, a rubuta masa takardar magani ba tare da an taɓa jikinsa ba, wani lokaci a haɗa masa da tsawa. Sun kuma nuna yadda aikin da ya kamata ƙwararre ya yi yake sauka hannun masu shara da ƴan sa-kai. Tun 1993 Jaffré da Alain Prual suka rubuta irin wannan game da ungozomomin asibiti a Yamai, saboda haka littafin ɗori ne a kan tsohon aiki.

Dangane da batun hukunci, matsayin littafin a fili yake: ba a hukunta kowa. Shugaban da ya yi niyyar ladabtar da na ƙasa da shi, kafin takardarsa ta isa inda za ta, an riga an kira shi daga sama, ko dangi sun zo biko, ko jam'iyya ta sa baki. Wanda ya nace sai a ce ba shi da mutunci, yana so ya raba mai iyali da abincinsa. A nan Nijar ma akwai sunan da aka laƙaba wa wannan tsari da Faransanci, PAC, wato dangi da abokai da idon sani. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san gaskiya ne.

To amma a tamu fahimtar, a nan ne bayanin ya tsaya da wuri. Cewa "babu hukunci" magana ce ta mai kallo daga birni. Dokar ma'aikatan gwamnati, misali ta 2007, ta jera matakai tun daga gargaɗi har zuwa kora, da majalisar ladabtarwa da za ta saurari mai laifi. Waɗannan matakai kam ba kasafai ake taka su ba. Sai dai akwai wani hukunci da kowane ma'aikaci ya sani yake kuma tsoro: a sauya masa wurin aiki, a tura shi daji. Abin lura a nan shi ne, abin da ake kira daji a Yamai ko a cikin garin Maraɗi gidan wasu mutane ne. Idan aka ɗauke wanda ya yi sakaci a birni aka kai shi cibiyar lafiya ta ƙauye, ba a gyara shi ba, an dai kai shi inda babu ɗan jarida, babu babban mutum da zai kawo matarsa haihuwa, kuma inda shi kaɗai ne likita a faɗin ƙauyuka da dama. Wanda ya ɗauki nauyin hukuncin a ƙarshe shi ne manomin da ba a tambaye shi ba. Haka kuma ma'aikacin kirki da aka tura can domin kawai ba shi da uwa a gindin murhu, shi ma yana ganin kansa a matsayin wanda aka hora. Littafin da aka rubuta a manyan birane biyar yana ganin fitar ma'aikacin, ba ya ganin inda ya sauka.

Wani abin da littafin ya taɓa sama-sama, wanda a ganinmu shi ne ƙashin bayan matsalar, shi ne irin abin da masu sa ido suke dubawa. A tsarin Nijar, gundumar lafiya tana da babban likita da ƴan tawagarsa, su ne ke rangadin cibiyoyin da ake kira CSI, shi kuma majo, wato shugaban CSI, shi ke duba ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, waɗanda aka gina da yawa a ƙarƙashin shirin musamman na Shugaba Mamadu Tanja daga 2001. A kan takarda tsani ne mai kyau. Amma tawagar da ta taso daga Gidan Rumji, da mota ɗaya da man da sau da yawa wani shiri na masu ba da tallafi ne ya biya, za ta tsaya awa ɗaya ko biyu a kowace cibiya. Me za a gani cikin awa biyu? Rajista, da firjin allurar rigakafi, da lissafin magani, da rahoton wata. Ba za a ga yadda aka yi wa mai naƙuda magana da ƙarfe biyun dare ba. Ma'aikaci kuwa ba wawa ba ne: abin da ake dubawa shi yake gyarawa. Olivier de Sardan da kansa, tare da Aïssa Diarra da Mahaman Moha, sun kawo misali mai kyau a maƙalarsu ta 2017 kan lafiyar mata masu ciki: takardar bin diddigin naƙuda, wadda aka ƙirƙira domin a gane haɗari tun da sauran lokaci, sau da yawa bayan an haihu ake cika ta. Mai rangadi zai tarar da ita cike tsaf, ya ba da maki.

Ƙungiyar likitoci ta ƙasa, wadda Faransanci ke kira Ordre, tana da ikon ladabtar da mambobinta. Sai dai mambobin nata ƴan ƙalilan ne a karkara. Hannun da ke yi wa yaron ƙauye allura yawanci na ma'aikacin jinya ne, ko ɗan kwantaragi, ko ɗan sa-kai da ba ya cikin kowane kundin albashi. Da me za a tsorata wanda ba a biya?

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ya sauya bayan fitowar littafin. Shirin Bamako na 1987 ya kawo biyan kuɗin magani da kwamitocin jama'a masu kula da asusun cibiya, Nijar kuma ta mai da shi doka a 1995. Waɗannan kwamitoci su ne kaɗai ƙofar da talaka yake da ita a cikin tsarin, amma akwatin kuɗi aka ba su su tsare, ba a ba su bakin magana kan halin ma'aikaci ba. Daga 2005 zuwa 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa da na jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, da alkawarin za ta riƙa biyan cibiyoyi. Biyan ya riƙa makara ƙwarai, bashi ya taru, magani ya yanke a wurare da yawa, kamar yadda littafin Olivier de Sardan da Valéry Ridde na 2014 ya nuna. Wannan yana da nasaba kai tsaye da batunmu. Babban likitan gunduma da ya san gwamnati ta riƙe wa cibiya kuɗinta wata da watanni, da wane ido zai tuhumi majo don ya aiki uwa ta sayo magani a waje? Shi ma majon ya san haka, kuma shirun da ke tsakaninsu yana rufe har laifin da ba shi da alaƙa da rashin kuɗi.

Kada kuma a ɗauka hukuma ba ta da ƙarfin hukunci. Mutanen jahar Maraɗi sun shaida yadda a watan Yuli 2008 gwamnati ta dakatar da ayyukan reshen Faransa na ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta yi jinyar dubban yara masu tamowa tun lokacin yunwar 2005, bisa zargin tana zuzuta matsalar kuma ba ta aiki tare da hukumomin lafiya. Ba mu shiga batun wa ke da gaskiya ba. Abin da muke nunawa shi ne, da maganar ta taɓa sunan gwamnati, an yanke hukunci nan take kuma an zartar. Ashe abin tambaya shi ne kukan wa ake ji a sama, kuma wannan tambaya ce ta siyasa wadda littafin ya fi so ya bar ta a hannun "al'adar ma'aikata".

A ayyukansa na baya-bayan nan, musamman La revanche des contextes na 2021, Olivier de Sardan ya mai da hankali ga waɗanda yake kira masu gyara daga ciki: majo ko ungozomar da ta tsara cibiyarta da kyau ba tare da wani ya tilasta mata ba. Ra'ayi ne mai amfani, kuma akwai irinsu a karkarar Maraɗi. Damuwarmu ita ce, tsarin da bai iya gane mai sakaci ba, bai iya gane mai ƙoƙari ba, domin ma'auninsa ɗaya ne, wato rajista. Ana iya ɗauke irin wannan ma'aikaciya gobe da takarda guda, a kawo wanda aka koro daga wani wuri.

Ga ɗalibanmu masu neman batun kundi, akwai aikin da littafin ya bari a buɗe. A nemi takardun sauyin wurin aiki na hukumar lafiya ta jahar Maraɗi na shekaru goma, a ga wa aka kai ina, bayan wane lamari, kuma wata nawa ya yi kafin ya koma birni. A haɗa da rahotannin rangadi na gundumomin Gidan Rumji da Agye, da na Gazawa wadda aka cire daga Agye a 2011, a ƙidaya sau nawa aka rubuta wani abu game da maras lafiya da kansa. Sannan a zauna da matan Gidan Sori a tambaye su da Hausa, ba tare da majo yana wurin ba, wa suke kai wa ƙara idan an wulaƙanta su: mai gari, ko magajin gari, ko kuwa sai su daina zuwa awo.