Shafin da ɗalibai ke kwafa ba su karanta ba

A 'yan shekarun nan, duk ɗalibin aikin jarida da zai haɗa shirin gama karatu sai ka tarar ya ware shafi guda a takardar tsarinsa, ya jera matsalolin da aikin zai iya cin karo da su. Da shafin nasa ne, da na yaba. Na duba irin waɗannan takardu da dama, galibinsu daga intanet aka kwaso su ɗungurungum. Wata da za ta yi shiri kan marinar Ƙofar Mata har dusar ƙanƙara ta lissafa cikin abin da take fargaba. A Kano fa!

Abin da ke kayar da ɗalibanmu kuwa a bakin ƙofa yake. A watan Oktoban 2024, da aka lalata layin lantarki na Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta fi mako cikin duhu. Wanda ya bar tace hoto sai daren miƙa aiki, da me zai kunna kwamfuta? Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka; kafin a dawo, yaron da aka fara ɗauka ya yi gemu, gidan da aka ara an sayar. A Agusta hadari na iya haɗowa da la'asar ya kore ka daga fili, da hunturu kuma iska ce za ta cinye maka murya, ƙura ta lulluɓe gilashin kyamara. Ga mai unguwa da ba a je an gaishe shi ba, ga matasan layi da za su tare ka su ce wa ya ba ka izini.

Amma wanda ya fi ƙona mini rai shi ne memorin kyamara. Muna aji huɗu, mu biyar muka yi kwana uku muna zarya wurin wani dattijon maƙeri kafin ya yarda ya yi magana. Ya zauna gaban zugazugi, gumi na bin gemunsa, ya yi mana kusan awa guda yana lissafa kakanninsa da irin garmar da kowannensu ya ƙware a kai. Mun koma muna ta murna. Washegari mai kyamarar ya samu aikin biki, ya ga memori ya cika, ya goge. Babu wanda ya kwafa, kowa na zaton ɗan'uwansa ya yi. Da muka koma, dattijo ya dube mu ya ce, "Samari, ai na gama magana." Da hoton bayansa yana dukan ƙarfe muka cike gurbin.

Har manya ma ta taɓa ci da su. A 1998 kamfanin Pixar na Amurka ya kusa rasa fim ɗin Toy Story 2 baki ɗaya bayan an goge fayilolin bisa kuskure. Kwafin da wata ma'aikaciya ta ajiye a kwamfutarta ta gida, saboda tana jego, shi ya cece su.

Na san za a ce ɗalibi ba shi da kuɗin janareta ko kyamara biyu. Gaskiya ne. Sai dai kwafa aiki wuri biyu kafin a kwanta, da ware ranar ko-ta-kwana, da neman mutum na biyu da za a yi hira da shi idan na farko ya noƙe, da saka lasifikar kunne a ji sauti tun a fili, duk ba sa cin ko sisi. Waya da manhajar CapCut sun sauƙaƙa ɗauka da tacewa, shi ya sa ake ganin kamar komai ma zai zo da sauƙi.

Malamai, don Allah ku daina ba wannan shafi maki don kawai an rubuta shi. Ku tsayar da shugaban rukuni a gabanku, ku rufe takardar, ku tambaye shi: idan aka ɗauke wuta yau, ina za ku je? Idan ya fara sosa ƙeya, kada ku sa masa hannu.