Taswirar Ƙwaƙwalwa a Hannun Likitan Dabbobi

A Kafanchan ko Kagoro, in tsohon kare ya fara zagaye wuri ɗaya, yana faɗuwa kamar mai farfaɗiya, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne ciwon haukan kare. Wannan tsoro yana kan hanya, kuma likita ne kaɗai zai raba gardama. Amma wani lokaci ƙari ne ya tsiro cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. A manyan asibitocin dabbobi na Amurka da Turai, akwai likitocin da suka ƙware wajen ciro shi.

Aikin yana farawa tun ba a taɓa wuƙa ba. Ana sa dabbar barci, a kafa mata 'yan alamomi a kai, sannan a shigar da ita na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa yanki-yanki. Kwamfuta ta harhaɗa hotunan su zama taswira. Likita kan zauna gabanta yana nazari: ina ƙarin ya tsaya, wace jijiyar jini ce ta ratsa kusa, ta ina zai shiga. Tunanin auna wuri cikin ƙwaƙwalwa da lissafi ya daɗe. Tun 1908 Victor Horsley da Robert Clarke suka bayyana na'urar yin haka a Landan.

Ranar tiyata a ɗaure kan yadda ba zai motsa ba. Sai likita ya ɗauki wani siririn tsinke mai 'yan ƙwallaye masu sheƙi, waɗanda kyamara ke bibiya daga sama, ya taɓa alamomin nan ɗaya bayan ɗaya har kwamfuta ta daidaita kan da taswirarsa. Daga nan, duk inda bakin tsinken ya sauka, allo zai nuna abin da ke ƙarƙashin ƙashi. A kare, sai an janye naman tauna mai kauri da ya lulluɓe gefen kai kafin a huda ƙashin.

A nan ne gwani ke fita daban, kuma nan ne ya fi burge ni. Da an buɗe tantanin da ya rufe ƙwaƙwalwa, ruwanta ya tsiyaye, sai ta ɗan gusa, taswirar ta daina faɗin gaskiya duka. Mai son jiki zai ci gaba da bin allo. Gwani kuwa yakan dakata, ya sake aunawa, ya leƙa ta madubin da ke ƙara girman abu, ya bambance ƙari da lafiyayyen nama ta launi da tauri.

Kyanwa ta fi sa'a. Ƙarin da ya fi kama ta daga tantanin yake tsirowa, a dunƙule, sau da yawa yana ɓantarowa gaba ɗaya. Na kare yakan kutsa cikin nama, dole a bi shi kaɗan-kaɗan, ana tsotsewa, ana tsayar da jini, awa bayan awa.