Jarumi Guda Ba Ya Cin Birni: Tsokaci Kan Labaranmu na Yaƙi

Tun daga Ganɗoki na Bello Kagara (1934), ƙagaggun labaranmu na yaƙi sun ta'allaƙa ne ga jarumi guda, sauran runduna kuwa 'yan rakiya. Wannan turba ɗalibanmu suke bi, alhali tarihin Katagum ya ishe su darasi. A zamanin jihadi Malam Zaki ya ci Birnin Gazargamu, amma riƙe shi ya gagara, ya komo gida. Me dakarunsa suka ji a hanya? Wa ya fara gunaguni, wa ya fara hangen sarauta? A nan labarin yake. Duk wanda ya tsaya ga kirari, ya manta da yunwa da fargabar mai tsaron ƙofa, roƙo ya yi, bai yi rubutu ba tukuna.