Laƙabin da Kwamfaila Ke Raɗa wa Kowane Aiki

Babbar manhaja ba a dunƙule ake gina ta ba. Kowane fayil sai kwamfaila, mai juya rubutun mai shirya manhaja zuwa harshen na'ura, ta sarrafa shi daban, sannan linka ya zo ya ɗinke guntayen. Shi linka bai damu da harshen da aka yi rubutun ba, suna kawai ya sani. Wannan guntu ya ce yana neman wani aiki mai suna jimla, wancan ya ce jimla tana wurina, sai ya haɗa su.

A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs a farkon shekarun 1970, babu wata wahala, domin aiki biyu ba sa cin suna ɗaya. Rigima ta taso ne da Bjarne Stroustrup ya kawo C++, ya halatta a rubuta jimla mai tara cikakkun lambobi, a kuma rubuta wata jimla mai tara lambobi masu ɗigo. To wacce linka zai ɗauka?

Maimakon a koya wa linka sabon harshe, sai aka bar shi yadda yake, aka ɗora nauyin a kan suna. Yadda unguwa mai Musa biyar take raba su da Musa Dogo da Musa Tela, haka kwamfaila take raɗa wa kowane aiki laƙabi. A tsarin da kwamfailar GCC ta runguma tun fitowarta ta 3.0 a 2001, wanda kwamfailar Clang ma ke bi, jimlar farko takan zama _Z5jimlaii, ta biyu kuma _Z5jimladd. A duba tsimin da ke ciki. _Z shela ce cewa laƙabi ne ke tafe, kuma ba zai yi karo da sunan kowa ba, tunda ƙa'idar harshen ta keɓe wa masu ƙera kwamfaila irin wannan mafari. Lamba 5 tana faɗin yawan haruffan sunan, don kada a ruɗe wajen gane ƙarshensa. Kowane i cikakkiyar lamba ce guda, kowane d mai ɗigo. Idan aikin yana cikin wani rukuni mai suna lissafi, sai a kewaye su da N da E: _ZN7lissafi5jimlaEii. Ba harafin da ya zo yawo, kuma daga laƙabin ana iya komawa ga sunan asali da irin lambobin da aikin ke karɓa. Wannan ita ce gwanintar.

Wani abin ban dariya, an tsara wannan tsarin laƙabi ne don Itanium, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin Intel wadda ba ta yi kasuwa ba har aka daina ƙera ta. Ƙwaƙwalwar ta tafi, tsarin sunayenta na nan daram.

Sai dai kowa da kiɗansa. Kwamfailar Microsoft tana rubuta jimlar farko ?jimla@@YAHHH@Z. Ita gfortran, kwamfailar harshen Fortran, mayar da suna take zuwa ƙananan haruffa ta liƙa masa ɗan layi a ƙarshe, shi ya sa mai kiran aikin Fortran mai suna DGEMM daga C yake rubuta dgemm_. Saboda haka in harsuna biyu za su gaisa, a kan sunan C tsirara suke haɗuwa: C++ ta ce extern "C", Fortran 2003 ta ce BIND(C), Rust ta ce no_mangle. Wanda ya manta da wannan, linka zai ce masa bai ga aikin ba, alhali ga shi nan a fayil.

Mai karatu da ke da Linux, ka buga c++filt _Z5jimlaii, za ta mayar maka da jimla(int, int).