Duba da Hawan Iska a Gaban Na'urar Hoton Ƙwaƙwalwa

Na taɓa zama a wani zaure a Birnin Kudu, gefen mai bugun ƙasa. Ya baje rairayi a faifai, ya shafe shi da bayan hannu, ya shiga ɗiga yatsa layi bayan layi, yana kashe ɗigon biyu-biyu har ya fitar da gidajensa goma sha shida. Wanda ya zo, saniyarsa ce ta ɓace. Yana tsugune yana cewa, "Allah gafarta Malam, a duba mini da kyau." Aka ce masa tana gabas, kusa da ruwa, kuma da hannun na gida a ciki. Ya ajiye sadaka ya fita. Kalmar nan ta "na gida" ita ta tsaya mini a rai, domin tun daga ranar zai fara yi wa ɗan uwansa kallon ɓarawo.

Daga nan har Gwaram, Sara da Basirka, ba ƙauyen da za ka rasa wanda ake cewa "yana gani". Wani da ƙasa yake aiki, wani da carbi, wani sai an kaɗa garaya iska ta hau shi. Malamanmu sun daɗe da yanke hukunci: gaibu na Allah ne, kuma hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai zuwa wurin boka. Abin da ba kasafai ake jin sa a nan ba shi ne, masana kimiyya su ma sun bi wannan da'awa da na'urorinsu.

Asalin na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa ma daga irin wannan tambaya ya fito. Hans Berger, Bajamushe, yana matashi a aikin soja doki ya kayar da shi, saura ƙiris a tattake shi. A ranar 'yar uwarsa da ke nesa ta ji hankalinta ya tashi, ta matsa wa mahaifinsu ya aika masa da telegiram. Berger ya gaskata cewa tsoronsa ne ya isa gare ta, ya karanci likitanci yana neman hanyar da saƙon ya bi. A 1924 ya ɗauki motsin wutar ƙwaƙwalwar ɗan Adam karo na farko, ya wallafa a 1929. Hanyar saƙon bai same ta ba. Na'urar EEG ya bar wa duniya.

Gwajin da ya fi kama da aikin mai duba shi ne na Samuel Moulton da Stephen Kosslyn a Jami'ar Harvard ta Amurka, wanda ya fito a 2008. Sun ɗauki mutane biyu-biyu masu kusanci, har da tagwaye. Ɗaya na kwance cikin na'urar fMRI, mai nuna inda jini ke ƙaruwa a ƙwaƙwalwa, ana nuna masa hotuna biyu. Ɗayan na wani ɗaki yana kallon guda daga cikinsu, yana ƙoƙarin aika masa shi da zuci. Hikimar gwajin ita ce, ko baki bai iya faɗa ba, in saƙo ya iso ya kamata ƙwaƙwalwa ta nuna alamar ta san hoton, kamar yadda take yi da duk abin da ta taɓa gani. Ba ta nuna ba. Amsoshin baki kuwa rabi daidai, rabi kuskure, wato canki-canka tsagwaronta.

Sai dai a nan nake rabuwa da masu cewa duk wasan kwaikwayo ne. Sanin ɓoye da'awa ɗaya ce, gushewar hayyaci kuma wata daban. A 2012 Julio Peres da Andrew Newberg da abokan aikinsu sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 10 'yan Brazil masu cewa ruhohi ke riƙe hannunsu su yi rubutu. Waɗanda suka daɗe a harkar, aiki ya ragu a wasu sassan ƙwaƙwalwarsu masu tsara tunani lokacin da hayyacinsu ya gushe, alhali rubutun bai lalace ba. Mutum goma sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, kuma hoton bai ce ruhi ne ya zo ba. Iyakar abin da ya nuna, wani abu na gaske yana sauyawa a jikin mutum. Duk wanda ya ga 'yar bori ta yi tsalle ta dire da mazaunai a kan ƙasa mai tauri, ta tashi bayan atishawa ba ta tuna komai, ba zai yi mamakin wannan ba. Kiɗa mai maimaituwa, hayaƙin turare da horon shekaru suna iya kai mutum can. Kaiwa can ɗin ba ya nufin ya san inda saniya take.

Me ya sa dubar ke kama da gaskiya? Mai duba ya san gari, ya san wa ke rigima da wa, kuma yana karanta fuskar wanda ke gabansa. Maganarsa faffaɗa ce: gabas da ruwa sun ɗauki rabin ƙasar Gwaram. In ta faɗa daidai, labari ya zaga kasuwa. In ta kuskure, a ce an karya sharaɗi, ko a yi shiru.

Inda abin ke yi mini ciwo shi ne batun farfaɗiya. Yaro ya faɗi yana kumfa, a ce iska ce, a hana shi makaranta, a ware masa kwano, a sayar da akuya a kai wa mai girka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya kusan miliyan 50 a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Na'urar Berger ɗin nan tana cikin abubuwan da likita ke gane cutar da su. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓa jiki.

Ya ku iyaye, in ɗanku na faɗuwa, ku yi masa addu'a da ruƙiyya, wannan ba mai hana ku. Amma ku kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu likita ya gan shi, in an tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano don auna ƙwaƙwalwa, ku daure ku je.