Ɗakin Kwana a Bayan Motar Soja, da Abin da Kafintocin Bodi na Maraɗi Suka Sani

Daga Nuwamban 1959 zuwa Janairun 1960, manyan motoci 9 ƙirar Berliet suka keta hamadar Tenere, daga Janet ta Aljeriya har Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Ba a jima ba rundunar sojan Faransa ta rungumi irin wannan mota mai ja da taya shida. Da sojoji suka gama cin moriyarsu sai aka yi gwanjonsu, su da Unimog da Magirus na Jamus, masu yawon buɗe ido suka riƙa saye suna ɗora musu ɗakin kwana a baya. A shekarun 1970 da 1980 irin waɗannan motoci kan gangaro ta Tamanrasat da Arlit da Agadas, wasu su biyo ta Maraɗi su nufi Katsina da Kano.

Akwai wani samfurin ɗaki da Amurkawa suka ƙera don akori-kura. Yana tsaye kan ƙafafu huɗu, direba ya yi baya da mota ya shige ƙarƙashinsa, a sauke shi a ɗaure kusurwoyinsa. Kai shi kan motar soja kuwa, sai matsaloli su fito. Bayan motar ya yi tsawo daga ƙasa, ƙafafun ba sa kaiwa. Wutarta yawanci bolt 24 ce, fitilun ɗakin da firijinsa na 12. Waɗannan duka masu sauƙi ne.

Babban aikin yana ga shasi. Shasin motar daji an ƙera shi ne ya riƙa murɗewa: taya ɗaya na cikin rami, ɗaya na kan tudu, ƙarfen ya lanƙwasa ya dawo, tayoyin duka suna dafe da ƙasa. Ɗaki kuwa akwati ne, ba ya lanƙwasa. In aka ɗaure shi tamau da shasi, ko dai bangonsa ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa, ko shasin ya karye daidai inda ɗaurin ya ƙare. Maganin masu Unimog shi ne su zaunar da akwatin a wurare uku, ɗaya daga ciki yana juyawa. Wasu kuma kan sa wa notin ɗaurin sifirin, ya riƙa sakewa kaɗan.

Kafintan bodi a Maraɗi ya san wannan tun yana yaron shago. Tsakanin shasi da bodi yakan shimfiɗa dogon katako, ya kama su da lanƙwasasshen ƙarfe maimakon ya yi musu walda. Bodin katako mai noti yana da sassauci a kowane mahaɗi. Kukan da yake yi in mota ta faɗa gargada alama ce yana bin shasi. Shi ya sa tsofaffin Marsandi masu dogon hanci suka daɗe suna aiki, daga zamanin da gyada ta gina arzikin alhazan Maraɗi har zuwa yau da ake kwasar gero da wake zuwa kasuwanni. Hanyar Tibiri kwalta ce, ba ta gwada bodi. Mai son ganin ƙwarewar kafinta ya bi motar da ta sauka titi ta shiga lambunan Jiratawa ɗaukar zogale, ko ta ratsa yashin gulbi bayan damina.

Inda sana'ar ke da rauni shi ne nauyi. Mai ɗora ɗakin kwana yana lissafin inda tankin ruwa zai zauna, ya sa shi ƙasa-ƙasa kuma gaban tayoyin baya, domin lita 200 kilo 200 ce. A gareji kuwa mai mota ne ke yanke tsawon bodi, shi kuma buhu yake ƙirgawa. A ƙara tsawo sama, a ƙara jela baya, a ƙara ganyen sifirin don kada mota ta durƙusa, alhali birki yana nan yadda kamfani ya yi shi. Gaban mota ya yi sakayau, sitiyari ya rage kama ƙasa, a kwana kuma lodi ya rinjaya, ga karen mota da fasinja a bisa buhuna.

Kafintan da ya iya zaunar da bodi kan shasi har ya shekara ashirin bai tsage ba, ya isa ya ce wa mai mota: «Alhaji, tsawon nan ya wuce ƙarfin motarka.» Ƙungiyoyin masu sufuri na Maraɗi ya kamata su mara masa baya in ya faɗa.